Ina Sukarin Ya Maƙale? Fashin Baƙi Kan Barzar Tsiro da Ƙarancin Tatsa

Wanda ke dafa giya a gida tun daga ƙwayar hatsi, ba tare da ya sayi tataccen ruwan malt na gwangwani ba, da wuya ya daɗe cikin harkar bai gamu da wannan rana ba. Ya auna tsiron sha'ir (wato malt, hatsin da aka tsirar aka busar) kilo 5, ya barza, ya jiƙa shi awa guda a ruwan zafi, ya tace, ya tafasa. Lissafinsa ya ce ma'aunin kaurin ruwan zaƙin zai tsaya a 1.050, amma da ya tsoma sai ya ga 1.040. Ruwan zaƙin ya fito tsararo, sukarin da ya sa rai bai shigo tukunya ba. Matsalar kuma ba ta masu giya kaɗai ba ce. Duk abin da za a faɗa a nan yana faruwa ne kafin a zuba yis, don haka mai tatsar tsiro domin abin sha marar barasa shi ma a nan yake tuntuɓe.

Abin da aka fi saurin yi shi ne a ƙara hatsi. Yana aiki, domin lambar za ta tashi, amma ni ban ɗauke shi magani ba. Wanda bai san inda sukarinsa ya tsaya ba, yau zai tatso kashi 62 cikin 100 na sukarin da tsironsa zai iya bayarwa, gobe 74, jibi ya koma 65, kuma ba zai taɓa iya maimaita haɗin da ya yi masa daɗi ba. Sukari ba ya ɓacewa haka kawai. Ko dai yana nan a matsayin sitaci cikin ƙwayar da ba ta fashe ba, ko ya narke amma an bar shi cikin dusa da gindin tukunya, ko kuwa ya shigo lafiya ƙalau, awo ne ya yi ƙarya. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya amfani.

Lissafin da ake dogara da shi

Farin tsiro, wanda ake gina yawancin haɗi a kansa, kusan kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinsa yana iya narkewa a ruwa. Daga ɗakin gwaji ake samun wannan lamba: a niƙe gram 50 luƙui a rata ta milimita 0.2, a jiƙa rabin awa a digiri 45 na ma'aunin Salsiyos, a riƙa ɗaga zafin digiri ɗaya kowane minti har ya kai 70, a riƙe shi a nan awa guda ana juyawa. Ita ce lambar da masu sarrafa tsiro ke rubutawa a takardar bayanin kayansu, kuma ita ce iyakar da babu mai tsallake ta a gida.

Don sauƙin aiki, a mai da komai maki. Ruwan da ya nuna 1.050 yana da maki 50, sai a ninka da yawan litar da ke tukunya. Kilo ɗaya na farin tsiro yana ɗauke da maki kimanin 300, kilo 5 ke nan 1,500. Idan aka tashi da lita 23 a 1.050, an tatso 1,150, wato kashi 77. Idan a 1.040 aka tashi, 920 aka samu, kashi 61. Maki 230 da ke tsakani sun kai abin da kashi uku cikin huɗu na kilo zai bayar. Tsiron da aka gasa ya yi duhu ba ya kai 300, don haka haɗin da ke da irinsu da yawa sai a rage masa tsammani tun daga farko. A gida, abin da ya faɗa tsakanin kashi 65 da 80 ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu. Wani yana auna abin da ya shiga tukunyar tafasa, wani yana auna abin da ya shiga mazubin da za a zuba yis, bayan an bar lita ɗaya ko biyu tare da laka da ragowar furen hop, mai ba giya ɗaci da ƙamshi. Su biyun suna iya yin aiki iri ɗaya sak, na farko ya ce ya sami 80, na biyu ya ce 72. Kafin ka gwada lambarka da ta wani, ka tambaye shi a ina ya auna.

A fara da kayan awo

Kafin a shafa wa injin barza kashin kaji, a binciki haidiromita, wato kwalbar nan mai yawo da ke auna nauyin ruwa. Yawancinsu a digiri 20 aka saita su, wasu a 15.6, kuma ana rubuta hakan a jikin takardar da ke ciki. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka samfurin da aka auna a digiri 40 zai nuna ƙasa da gaskiya da maki shida ko kusa da haka, wanda aka auna a 60 kuwa da kimanin maki 15. Mutum zai iya kwana da baƙin cikin sukarin da ke nan cikin tukunyarsa. Akwai jadawalin gyara, amma idan zafin ya yi yawa ba ya da tabbas, gara a sanyaya samfurin a rufe, don kada tururi ya fita ya ƙara masa kauri. A kuma tsoma kwalbar a tsabtataccen ruwa lokaci-lokaci, a ga ko ta tsaya a 1.000, domin takardar ciki takan zame.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan farko da ya fito daga jiƙo ya fi kauri, sai ya kwanta a gindin tukunya, ruwan ɗauraya mai tsararo, wato wanda aka wanke dusa da shi, ya hau kansa. Wanda ya ɗebi samfuri daga sama ba tare da ya juya sosai ba, ruwan ɗauraya ya auna.

Sai yawan ruwa, wanda aka fi sakaci da shi. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. A cikin lita 23, kuskuren lita ɗaya tak ya fi kashi 4 na dukkan lissafin. Layukan da masana'anta ke bugawa a jikin tukunya ba kullum suke daidai ba, gara mutum ya zuba ruwa lita-lita ya yi wa sanda alama da kansa. Ruwa mai tafasa kuma yana kumbura da kusan kashi 4, don haka lita 24 a kan wuta lita 23 ce idan ta huce. Hanya mai kyau ta kama kuskure ita ce a tuna cewa tafasa ruwa take ƙonarwa, ba ta taɓa sukari. Lita 28 a 1.041 kafin tafasa maki 1,148 ne, lita 23 a 1.050 bayan tafasa 1,150 ne. Idan lambobinka biyu suka yi hannun riga, ɗaya daga cikin awonka ba daidai ba ne, kuma duk gyaran da za ka gina a kansa aikin banza ne.

Gwajin da ke raba gardama

Idan awo ya tabbata, akwai gwaji ɗaya da nake ganin ya fi kowanne daraja, ga shi kuma ba ya cin minti biyar. Idan lokacin jiƙo ya cika, kafin a ƙara ko ɗigon ruwa, a juya sosai, a ɗebi ruwan jiƙon, a sanyaya, a auna. Tunda an san yawan ruwan da aka zuba da yawan tsiron, an san kaurin da ya kamata a gani idan duk sitacin ya narke ya zama sukari. A lita 3 ga kowane kilo, kimanin 1.084 ne. A lita biyu da rabi, kusan 1.097. A lita 4, kimanin 1.065. A lissafa duk ruwan da ke cikin tukunyar, har da wanda ke ƙarƙashin matacin ƙasa.

Wanda ya jiƙa a lita 3 ya ga 1.081 ko 1.082, jiƙonsa ya yi aikinsa, sai ya nemi ɓarnar a wajen tacewa. Wanda ya ga 1.068 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sitacinsa bai fito ba, kuma ko zai wuni yana ɗauraya ba zai wanko abin da bai narke ba.

Da yawa sun dogara da gwajin aidin: a ɗiga shi kan ɗan ruwan jiƙo, idan ya yi shuɗi mai duhu akwai sauran sitaci, idan bai canja ba an gama. Gwajin gaskiya ne, amma sitacin da ya riga ya shiga ruwa kaɗai yake gani. Wanda ke kulle cikin ƙwaya bai san da shi ba. Shi ya sa ake samun mai cewa aidin ya nuna masa komai ya nuna, ga shi kuma a kashi 58 ya tashi.

Barza, inda gizo ke saƙa

A mafi yawan lokutan da ruwan farko ya gaza, barza ce sanadi, kuma dalilin yana cikin ƙirar ƙwayar kanta. Ƙwayar sha'ir tana da ɓawo mai ƙarfi a waje, a ciki kuma farin sitaci ne shirye cikin ƙananan ɗakuna masu bango na furotin da wani sinadari mai yauƙi da ake kira beta-gulukan. Lokacin da ake tsirar da hatsin, ƙwayar tana samar da sinadaran da ake kira enzayim, masu rusa waɗannan bangaye, aikin yana farawa daga gefen da tsiron ke fitowa yana tafiya zuwa ɗaya ƙarshen. Wannan ƙarshen na nesa shi ne yakan rage da tauri, shi ne kuma ya fi buƙatar a fasa shi. Enzayim ɗin da ke mai da sitaci sukari, wanda Anselme Payen da Jean-François Persoz suka fara warewa daga tsiro a Faransa a 1833, cikin ruwa yake aiki. Inda ruwa bai ratsa ba, ba ya zuwa. Ƙwayar da ta shiga jiƙo da ɓawonta a rufe za ta fito bayan awa guda ta kumbura kawai, da sitacinta a ciki.

Da sitaci ne kaɗai abin dubawa, da sai a niƙe komai ya zama gari a huta. Amma ɓawon shi ne matacin. Shi ke shiga tsakanin tsaki da gari ya bar ƙofofin da ruwa zai bi ya sauka. Idan aka daddatsa shi, shimfiɗar dusar ta zama taɓo, a buɗe famfo ruwa ya ɗiga sau biyu ya tsaya. Saboda haka abu biyu masu karo da juna ake nema daga inji ɗaya: ciki ya farfashe ƙanana, ɓawo ya fito kusan ɗungurungum. Injin rola ya fi dacewa da wannan domin matse ƙwayar yake yi har ta fashe, ɓawon ya buɗe ya saki abin da ke ciki. Injin faranti, mai murza hatsi tsakanin ƙarafa biyu masu haƙora, yayyaga ɓawon yake yi. Ana iya aiki da shi, amma sai an yi haƙurin saiti.

Ga yadda za ka gane barzarka. Ɗebi tafi ɗaya ka baza a farin faranti wurin haske. Za ka ga ɓawo, ka ga tsaki fari-fari, ka ga gari a ƙasa. Sai ka tsince duk ƙwayar da ta yi kama da wadda ba a taɓa ba, ka murza ta tsakanin yatsu. Wata za ta wargaje nan take, ashe ɓawon ne kawai ya riƙe siffarsa, cikin ya riga ya fashe, wannan ita ce barzar da ake so. Wata kuwa za ka ji ta da tauri kamar yadda ta fito daga buhu. Idan irin wannan ta wuce ɗaya ko biyu a tafin, ratar ta yi faɗi. Ka kuma duba waɗanda suka rabe gida biyu kawai, rabi-rabi, kowane rabi na manne cikin ɓawonsa. Su ma asara ce, sai dai ba ta kai ta farko ba.

Dusar da ta rage bayan tacewa ita ma tana ba da shaida, kuma ina mamakin yadda ake kwashe ta a zubar ba a duba ba. Tona tsakiyarta ka ɗebo. Matse ƙwayoyin da ka gani da farce. Idan wani farin abu mai kauri ya fito, sitaci ne da aka saya aka jiƙa aka zubar. Sannan ka ɗanɗana. Dusar da aka tatse sosai salam take. Idan ka ji zaƙi, sitacin ya narke, ɗauraya ce ba ta kwaso shi ba. Ka ɗanɗana daga wurare daban-daban, tsakiya da gefe da ƙasa, domin bambancin da ke tsakaninsu ma labari ne.

Yawancin masu injin rola biyu suna saita rata tsakanin milimita 0.9 da 1.1. Wannan wurin farawa ne kawai, tunda kaurin ƙwaya yana bambanta daga iri zuwa iri, daga shekara zuwa shekara. Ana auna ratar da siraran ƙarafan nan da makanikai ke saita bawul da su. Wanda ba shi da su, katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne, idan ya shige da ɗan sarari to an kusa. A auna gefen dama da na hagu duka, domin idan rolar ba ta daidaita ba, gefe ɗaya gari yake zubarwa, ɗayan yana sakin ƙwaya lafiyayya, kuma idan suka gauraya a bokiti sai ido ya ga kamar komai daidai. Kusoshin saiti sukan saki a hankali saboda girgiza, don haka wanda tatsarsa ta riƙa raguwa sannu-sannu cikin watanni, nan ya kamata ya fara dubawa. Haƙoran rola ma suna cinyewa, sai ta daina kama hatsi, rola ta biyu ta tsaya ba ta juyawa.

Masu juya injin da dirila su rage gudu. Kimanin juyi 200 a minti ya isa. Gudu mai yawa yana tsattsaga ɓawo yana tayar da ƙura ba tare da ya ƙara fasa ciki ba.

Alkama da hatsin rai (wanda Turawa ke kira rye) ba su da ɓawo irin na sha'ir, ga tauri, hatsin rai kuma ƙwayarsa siririya ce. A ratar da ta dace da sha'ir, da yawansu za su sulale su wuce ba a taɓa su ba. A barza su daban a rata mafi matsi, sannan a haɗa. Idan sun yi yawa a haɗin, a zuba ɓuntun shinkafa ya tsaya a madadin ɓawon da babu. Ba ya ba da sukari, ba ya ba da ɗanɗano, hanya kawai yake buɗe wa ruwa.

Wanda ke sayen tsiro a barje ba shi da iko a kan rata, kuma mai sayarwa yakan fi karkata ga barza mai gwaɓi, domin wanda tacewarsa ta toshe ya fi wanda ya rasa maki biyar saurin dawowa da ƙorafi. A roƙe shi ya maimaita barzar sau biyu. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da maki masu yawa.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai saboda tana sassauta wancan karo na ciki da ɓawo. Kafin barza, a fesa wa tsiron ruwa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato mililita 100 ga kilo 5, ana fesawa ana juyawa da hannu, a bar shi minti goma zuwa goma sha biyar. Ɓawon zai sha danshi ya yi laushi, cikin kuwa yana nan a bushe. Da ya shiga rola sai ɓawon ya lanƙwashe maimakon ya karye, ya fito manya-manya, a sami damar matse rata ba tare da tsoron toshewa ba. Kada ruwan ya wuce kima, in ba haka ba gari zai manne a rola. Wanda aka fesa wa ruwa kuma a yi aiki da shi a ranar.

Masu jiƙo cikin jaka, waɗanda ke ɗaga jakar gaba ɗaya su bar ruwan ya tsiyaye, ba su dogara da ɓawo ba, ƙyallen ne matacinsu. Su suna iya sauka zuwa milimita 0.7 ko ƙasa. Manyan masana'antu ma haka suka kasu: masu tacewa ta shimfiɗar dusa suna amfani da inji mai rola huɗu ko shida da rariya a tsakani, masu na'urar tacewa mai matsi kuwa da injin guduma suke mai da komai gari.

Wani abu a takardar bayanin tsiro yana taimakawa wajen sanin iyakar da za a tsaya. A ɗakin gwaji ana gwada niƙa mai laushi da mai gwaɓi, kuma ga tsiron zamani da aka tsirar da kyau, bambancin bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba. To me ya sa a gida barza ke iya cin kashi goma? Domin mai gwaɓin ɗakin gwaji ma ba ya barin ƙwaya ko ɗaya a rufe, kuma ana juya jiƙon ba tsayawa. Abin da na fahimta daga nan shi ne ribar tana wajen kawar da ƙwayoyin da ba su fashe ba da manyan ɓarori. Da zarar an kawar da su, ƙarin matse rata ɗan kaɗan yake ƙarawa, haɗarin toshewa kuwa yana ta hauhawa. A riƙa rage ratar kaɗan-kaɗan daga dahuwa zuwa dahuwa, ranar da tacewa ta fara nauyi sai a koma baya taki ɗaya a tsaya a nan.

A yi barza nesa da inda ake ajiye mazubin yis. Ƙurar tsiro cike take da ƙwayoyin bakteriya masu sa tsami.

Idan barza ta yi kyau amma ruwan farko ya gaza

A nan sai a dubi jiƙon kansa. Gudaji ne na farko: idan aka juye tsiro cikin ruwa gaba ɗaya, gari yakan dunƙule, waje ya jiƙe, ciki ya zauna a bushe har a gama. A zuba a hankali ana juyawa, a bi gindi da kusurwoyi, a sake juyawa sau ɗaya ko biyu cikin awar.

Sai zafi. Sitacin sha'ir sai ya kai wajen digiri 60 zuwa 65 yake kumbura ya buɗe. Enzayim biyu ne ke aiki a kansa, beta-amiles da ya fi son 60 zuwa 65 kuma yake saurin mutuwa idan an haura 70, da alfa-amiles da ke jure har sama da 70 kaɗan. Shi ya sa ake jiƙo tsakanin 64 da 68. Ma'aunin zafin da ya kauce da digiri huɗu zai iya sa mutum ya jiƙa a 61 yana zaton 65 ne. A gwada shi a ruwan ƙanƙara, ya nuna sifili. Idan an zaɓi zafi na ƙasa, ko barzar ta yi ɗan gwaɓi, ƙarin minti talatin yakan cike giɓin.

Tsamin jiƙo, wato pH, ana son ya faɗa tsakanin 5.2 da 5.6 idan aka auna samfurin da ya huce. Ruwa mai yawan bayikabonet idan ya haɗu da farin tsiro zalla yakan ja shi sama, enzayim su yi sanyi. Gishirin kalsiyam ko ɗan asid na laktik yana gyarawa. Amma ina ganin ana ɗora wa pH laifin da ya fi ƙarfinsa. Yakan ci maki kaɗan, da wuya shi kaɗai ya sauko da mutum daga 75 zuwa 60. Haka nan haɗin da aka cika shi da hatsin da ba a tsirar ba ko tsiron da aka gasa, waɗanda enzayim ɗinsu kaɗan ne ko babu, zai iya rasa isasshen mai aiki, sai an bar wa farin tsiro kaso mai tsoka.

Sukarin da ya narke amma bai iso ba

Kowane kilo na tsiro yana riƙe kimanin lita ɗaya na ruwa, kuma ruwan da ya riƙe mai zaƙi ne. Aikin ɗauraya shi ne a musanya wannan ruwa da wanda ba shi da sukari. Mai ɗauraya kashi-kashi, wato ya tsiyaye duka, ya zuba sabon ruwa, ya juya, ya sake tsiyayewa, zai fi samun riba idan tsiyaya ta farko da ta biyu suka zo kusan daidai a yawa, kuma ya tabbatar ya tsiyaye tas kowane karo. Juyawa bayan zuba ruwa na biyu wajibi ne.

Mai ɗauraya ta yayyafi, wanda ke zuba ruwa a sama yana janyewa a ƙasa lokaci guda, shi ne ke iya samun tatsa mafi yawa, shi ne kuma ya fi saurin yin asara ba tare da ya sani ba. Idan ya yi gaggawa, ruwan zai yi wa kansa hanya kamar yadda ruwan sama ke bin kwari, ya riƙa sauka ta gefen tukunya ko ta wata tsaga guda, sauran dusar tana zaune da zaƙinta. Alamarsa ita ce ruwan da ke fita ya yi saurin zama tsararo alhali tukunya ba ta cika ba, kuma dusar wani wuri salam, wani wuri zaƙi. Aikin yana son minti 45 zuwa awa guda, da ɗan ruwa kwance a saman dusar koyaushe. Wanda ke zargin haka ke faruwa gare shi, ya gwada kashi-kashi sau ɗaya. Idan lambar ta tashi, ya gano ɓarawon.

Ɗauraya tana da iyaka. Idan ruwan da ke fita ya sauka zuwa 1.010, a tsaya, kuma kada ruwan ɗauraya ya wuce digiri 77 ko 78. Bayan nan pH yana tashi, tanin, sinadarin bauri da ke cikin ɓawo, ya fara fita, a sami ƙarin maki biyu a kuma sami bauri a baki wanda ke da wuyar cirewa. A duba kuma ruwan da ke kwanciya ƙarƙashin bakin famfo da cikin tiyo. Lita biyu a 1.040 maki 80 ne, fiye da kashi 5 na kilo 5. Karkata tukunyar ko sa bututun da ke kaiwa gindi yana dawo da mafi yawansu.

Akwai kuma ƙarancin tatsar da ba laifin kowa ba ne. A ɗauki mai jiƙo da dukkan ruwansa lokaci guda, ba ɗauraya, yana son lita 28 a tukunya. Da kilo 5 zai zuba lita 33, kuma ko komai ya narke, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin zai zauna cikin dusa, ya tashi da kimanin kashi 79. Da kilo 10 zai zuba lita 38, dusar ta ninka, ruwan da ta riƙe ya ninka kuma ya fi kauri, sai ya tashi da kimanin kashi 65 ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba. Duk haɗi mai nauyi haka yake, don haka a rubuta masa tasa lambar daban, kada a yi masa lissafi da ta haɗi mai sauƙi. Wanda ba ya son wannan zaƙi ya tafi a banza yana iya ƙara ruwan ɗauraya ya tsawaita tafasa, ko ya tara ruwa na biyu a wata tukunya daban ya yi abin sha mai sauƙi da shi. Haka masu dafa giya a Ingila suka daɗe suna yi, kuma kamfanin Fuller's na Landan ya shahara da fitar da giya fiye da iri ɗaya daga jiƙo guda ta hanyar gauraya ruwan farko da na biyu gwargwadon ƙarfin da ake so.